Kaskon da Bai Ga Wuta Ba

Insifekta Abdul-Majeed bai gama shan kokonsa ba, Hajiya Zuera mai ginin tukwane ta faɗo caji ofis, hannunta duk yumɓu.

"Insifekta, an kwashe min asanka! Jiya muna gidan suna, rabin kayana sun yi ƙafa. Kuma na san ɓarauniyar, Saratu ce!"

Kaf unguwar Maamobi babu wanda bai san su biyun ba. Tun suna 'yan mata suke ginin asanka, kaskon niƙa barkono, suna gasawa a rami ɗaya. In maganar nan ta fita, sunan Saratu ya ɓaci, wutar da suke haɗawa kuma ta mutu.

Ya bi ta zuwa gida. Ba a ɓalle kwaɗon rumfar da take ajiye kayan ba. A dama kasake ne jere masu tabon hayaƙi, babu wanda aka taɓa. A hagu sai zagayen gurbin waɗanda aka kwashe a ƙasa.

"Me ya bambanta na hagu?"

"Su ne masu kyau, jajaye, na goge su suna sheƙi. Gobe za su shiga wuta."

"Ba a gasa su ba ke nan?"

"Ɗanyu ne. Bushewa kawai suka yi."

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Saratu, sai Zakaria ɗan ƙanwata. Shi ke ɗaukar hoton kayan yana tallata min a waya."

Zakaria na jingine da babur ɗinsa, farar riga tas, sai ƙamshi yake.

"Oga, ni jiya ina Accra New Town tun safe. Amma maƙwabta sun ga Anti Saratu ta shiga."

Da Insifekta ya je wajen Saratu, tana tsakar gidanta tana taka yumɓu da ƙafa.

"Ban shiga ba," ta ce.

"An gan ki, Maa."

Ta tsaya, ta share gumi. "To, na leƙa! Sabon bakin da ta yi wa kaskonta nake son gani, ba ta nuna min. Amma in saci ɗanyen kasko? Ni? In kai shi ina, ramin da za ta tsaya a kaina? Ko makaho a sana'ar nan ƙwanƙwasawa yake kafin ya ɗauka."

Insifekta ya yi murmushi. Ɓarawon nan da ido ya zaɓa.

Da rana yunwa ta kai shi wajen Latifa mai tuwo a unguwar Nima, inda ya saba ci. Ya tarar da ita tana zazzaga masifa, masu jiran abinci sun ja da baya.

"Oga, zo ka gani! Na zuba tumatir da barkono, na sa ruwa, na fara niƙa, sai kasko ya bi hannuna! Taɓo zan ba mutane su ci tuwo da shi?"

Ya duba. Gindin kaskon ya narke, ya zama jar laka. Sauran suna cikin buhu, wasu sun farfashe.

"Ba ki ƙwanƙwasa ba da kika saya?"

"Kayan Hajiya Zuera ake ƙwanƙwasawa? Yaronta ne ya kawo, mai babur ɗin nan, wai an yi rangwame."

Insifekta ya ci tuwonsa tukuna, don shi ba ya bincike da yunwa. Sannan ya ɗauki buhun.

A rumfar Zuera ya tara su ukun. Ya zazzage buhun a hankali.

"Zakaria, Latifa tana gaishe ka."

Saurayin ya yi wuf ya ce, "Oga, a hannun Anti Saratu na saye su. Gasassu ta ce min."

"La'ilaha illallahu!" in ji Saratu.

"Ɗazu ka ce kana New Town," Insifekta ya ce. "Bari mu bar wannan. Buɗe akwatin babur ɗinka."

Ya buɗe. Jar ƙura ta lulluɓe cikinsa, ga gutsuren baki guda. Zuera ta ɗauka, ta juya shi.

"Sabon bakina ne. Saratu ba ta iya shi ba."

"Ai kin hana ni koya," Saratu ta ce.

Insifekta ya ƙwanƙwasa mai tabon hayaƙi, ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Ya ƙwanƙwasa ja, ya ce dim.

"Kai da kake tallar su, ba ka taɓa zuwa bakin rami ba?"

Zakaria ya sunkuyar da kai. "Hayaƙi yana ɓata min riga. Na ga jajayen sun fi kyau a hoto. Maa, ki yafe ni, ni na ɗauka."

"Yafiya daga baya. Uwarka zan fara kira," in ji Zuera.

Kofur ɗin da ya rako Insifekta ya kama hannun Zakaria, suka nufi mota.

Zuera ta daɗe tana kallon ɓaraguzan. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Saratu, bakina ya yi zafi."

"Tun yaushe ne bai yi ba?" Saratu ta jawo baho, ta kwashe ɓaraguzan ta zuba, ta kwara musu ruwa. "Abin da bai ga wuta ba ai bai lalace ba. Jibi ya jiƙu, mu sake ginawa. Amma sai kin nuna min bakin nan."

Zuera ta matsa mata a kan tabarma.

Insifekta ya fita da kasko mai tabon hayaƙi a hammata, zai kai wa Latifa. Sau biyu ya ƙwanƙwasa shi kafin ya kai bakin titi.