Tauraro Biyun Yaya

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya ba. A bayan littafin lissafi nake yi, da na ji motsi sai in rufe. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma labarin Yayata ne, in ban rubuta shi ba zai fashe mini a ciki.

Yaya tana shekara ta uku a kwalejin koyon aikin jinya. A gida Alƙaliya muke ce mata. Kullum da safe za ka same ta a kan teburin falo, waya a jikin caja, ta haɗe gira tana danne-danne.

"Alƙaliya, yau kuma wa ake yanke wa hukunci?" in ji Umma, tana zuba shayi.

"Mai kawo saƙon jiya ne, Umma. Ya ce minti ashirin, ya yi hamsin. Amma ya ba da haƙuri. Tauraro uku."

"Bawan Allah. Da ya san gidan da zai zo, da ya ce ƙafarsa na ciwo."

Haka take. Duk abin da ta saya ko ta yi oda ta intanet, sai ta koma shafinsu ta ba su tauraro, daga ɗaya zuwa biyar, ta rubuta dalili. Ba ta sa hotonta a ko'ina. Sau uku take kunna data a rana. Bidiyon lakca kuwa sai ta je laburare inda intanet ɗin kyauta ne ta sauke su. Wannan dogon rubutun da kowa ke tsallakewa ya danna "na amince", ita sai ta karanta shi tas. In za ta sayi abu, waɗanda suka ba da tauraro ɗaya take fara karantawa.

Na taɓa ce mata, "Yaya, ki riƙa ba su biyar mana, me zai rage ki?"

Ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi, ta ce, "Shiru-shiru, tauraro shaida ce. Wata ɗaliba za ta karanta ta yarda da ni, ba ta ma san fuskata ba. In yi mata ƙarya?"

To bara ne ta tura rahoton aikinta wani shagon buga takardu. Irin wanda kake tura musu ta intanet, su buga, su ɗinke, su kawo maka bakin get ɗin kwaleji. Sai a gaban malaminta ta gano babu shafi goma sha biyu a tsakiya. Ya rage mata maki a gaban 'yan aji. Ta yi wa shagon saƙo, kwana biyu babu amsa. Sai ta rubuta: "Bugunsu fes yake, ɗinkin ma da ƙarfi. Amma sun cinye mini shafi goma sha biyu, kuma ba sa amsa saƙo. Ku ƙirga shafukanku kafin ku karɓa. Tauraro biyu."

Washegari sai ga wani dogo a bakin get da takardu a hannu. Ɗan mai shagon ne, shi ke kula da saƙonni, Injiniya ake ce masa.

"Ga shafukanki. Laifina ne. Zan iya roƙon ki goge abin da kika rubuta?"

"A'a."

Ya sosa ƙeya. "To zan iya roƙon ki bar ni in riƙa gaishe ki?"

Yaya ta ce wannan sai ta yi tunani. Tunanin ne ya kai su shekara guda, har aka fara maganar manya su zauna.

Ana saura mako biyu manyansa su zo, sai ga babbar yayarsa a gidanmu. Ko zama ba ta yi sosai ba, ta miƙa wa Umma waya.

"Mama, duba sunan nan. Ba na 'yarki ba ne? Shekara guda rubutun nan yana saman shafinmu, mutum ɗari uku sun danna masa alamar sun yarda da shi. Ashe wadda ta zubar mana da mutunci ita za mu kawo gida!"

Yaya ta fito ta durƙusa ta gaishe ta.

"Anti, lokacin ban san ku ba."

"Yanzu ai kin san mu. Ki mayar da shi biyar, ko ki goge. Mahaifiyarmu ta ce in ba haka ba, babu mai tako ƙafarsa gidan nan."

"An gyara abin da ke cinye shafukan?"

Anti ta kalle ta sama da ƙasa. "Ji mini yarinya. Sufeto aka naɗa ki?" Ta figi jakarta ta fita.

Da yamma Injiniya ya kira. Ina gefe ina ninke kaya, ina jin komai.

"Kai me ka ce musu?" in ji Yaya.

"Na ce ni na ƙi amsa saƙon. Suka ce so ne ke magana a bakina."

"Tsakaninka da Allah, an gyara?"

"Saƙo dai ina amsawa. Injin kuwa har yanzu yana yi jefi-jefi. Anti ta hana a faɗa wa Baba, wai saboda hawan jininsa."

"Kana so in goge?"

"Rabin zuciyata na so," ya ce a hankali. "Ɗaya rabin kuma kunyarki yake ji."

Yaya ta ajiye wayar ta kifa kanta a kan katifa. Ban taɓa ganin ta yi kuka irin na ranar ba.

Sai ga Gwaggo, ƙanwar Abba, ta zo da nata.

"Ke 'yar nan, kanki ɗaya kuwa? Tauraron waya! Ko haske ba ya yi. A kansa za ki rasa miji?"

"Gwaggo, abin da na rubuta har yanzu gaskiya ne."

"To ki auri gaskiyar, mu zo mu taya ki zama."

Umma ma ta roƙe ta, har da hawaye. "Danna ɗaya ne fa, 'yata. Ni ban taɓa roƙonki komai ba."

Wannan ce ta fi yi wa Yaya ciwo. Na gan ta da idona ta buɗe shafin, yatsanta a kan wurin gogewa. Ta daɗe a haka. Sai ta kashe data ta ce, "Umma, ki yafe mini. Ranar da suka gyara, da hannuna zan canza. Kafin nan ba zan iya ba." Abba dai yana bayan jarida, amma na lura shafi ɗaya yake ta kallo tun ɗazu.

Mako bakwai Injiniya bai zo ba. Yaya ta rame, ga jarrabawa. Ba ta zagi kowa ba, ba ta rubuta habaici a ko'ina ba, duk da ƙawayenta sun ce ta yi. Ta je kwaleji, ta dawo, ta yi karatu.

A can kuma Anti ta tara dangi. Rana ɗaya mutum arba'in suka ba shagon tauraro biyar, kowa da magana iri ɗaya: "Aiki mai kyau, babu kamarsu." Har da kakarsu, wadda ko katin asibiti ba ta taɓa bugawa ba. 'Yan kwaleji suka gano, suka yi ta dariya, suka ƙara danna wa na Yaya.

Wata Asabar da la'asar aka yi sallama. Wani dattijo ne mai tabarau, yatsunsa duk baƙin tawada. Mahaifin Injiniya. Abba ya shigo da shi falo, ni kuma na laɓe bayan labule da tiren ruwa, na kasa shiga na kasa komawa.

"Ina yarinyar?" ya ce. "Ni ban iya waya ba. Ina so ta karanta mini da bakinta."

Yaya ta durƙusa ta karanta, ko kalma ɗaya ba ta tsallake ba.

"Daga shafi na nawa?"

"Arba'in zuwa hamsin da ɗaya, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Tsakiya. Robar da ke jan takarda ce ta cinye. Aikin rabin awa." Ya cire tabarau ya goge. "Shekaranjiya wata ɗaliba ta tsaya a gabana tana ƙirga shafukanta ɗaya bayan ɗaya. Na ji haushi, na ce 'yata, ba ki yarda da mu ba ne? Ta ce wata ce ta rubuta a riƙa ƙirgawa. Kafin in rufe baki, sai ga huɗu babu. Aikinta na ƙarshe ne fa, na kammala karatu. Da na tsare yarana da tambaya, sai suka ce 'yar gidan nan ce ta rubuta."

Ya mayar da tabarau, ya ci gaba.

"Shekara talatin ina wannan sana'a. Shekara guda ina tambayar me ya sa ɗalibai suka ragu, ana ce mini hutu ne. Wane irin hutu ne ba ya ƙarewa? Duk gidana an rasa mai gaya mini, sai 'yar mutane." Ya juya ga Yaya. "Kar ki goge. Na canza robar da hannuna, na sa an cire na dangin nan arba'in. Ki sake turo aiki da sunan wata, kar ki gaya wa kowa. Abin da kika gani shi za ki rubuta."

Sai a lokacin Abba ya yi magana. "Ni ma da ta goge, da na ji kunya." Umma ta harare shi. "Shi ne ka bar ni ni kaɗai ina ta kuka?"

Bayan kwana goma Yaya ta tura aiki da sunan ƙawarta. Ta zauna a teburin falo ta ƙirga, muna tsaye a kanta kamar masu jiran sakamako. Shafi tamanin cif. Ta rubuta a ƙasan na da: "Sun gyara. Na gwada da kaina. Tauraro huɗu."

Baba ya kira da kansa. "'Yata, ina na biyar ɗin?"

"Bangon ya ɗan karkace, Baba."

Dariyarsa har kicin na jiyo ta.

Mahaifiyar Injiniya ta zo ranar da manya suka zauna. Ta kama hannun Yaya ta ce, "Ni dai har yanzu biyun nan na yi mini zafi. Amma ɗalibai sun dawo, tsohon kuma ya daina zaman tagumi. Abincina dai kar ki sa masa tauraro." Anti ma ta zo, ta gaisa a taƙaice, amma ta zo.

Da suka tashi tafiya, Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi.

"Alƙaliya, ni nawa za ki ba ni?"

"Mako bakwai ba ka zo ba. Uku."

"Kai! Babu sassauci?"

"Ka gyara, sai in sake gwadawa."

Ni dai abin da na koya shi ne, in ka faɗi gaskiya kar ka janye ta don an matsa maka, kuma kar ka haɗa ta da zagi. Ka yi haƙuri, wanda ya san darajarta zai zo har gida ya same ka. Yaya ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba, kuma ba ta goge ba. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaki ɗaya muke kwana.

Jiya a aji malam ya yi kuskure a kan allo, kowa ya gani ya yi shiru. Ni kuwa na ɗaga hannu. Ban gaya wa Yaya ba tukuna, ina so in bari sai — na'am, Umma! Ga ni nan zuwa!