Lefen Lidiya Ya Cika

"Lidiya, dubi nan! Ki ce min ba ke ba ce!"

Ko gama fitowa daga majami'a ba a yi ba, ƙawarta Blessing ta fizgo hannunta, ta ja ta gefen gini, ta cusa mata waya a fuska.

Kati ne mai kyau. Jan akwati a buɗe, atamfofi da lesuka sun cika shi maƙil, a sama kuma an rubuta da ruwan gwal:

LEFEN LIDIYA ZAKARIYA YA CIKA. DAGA ANGONTA JAMILU.

Littafin waƙoƙin da ke hannun Lidiya ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

"A ina... a ina kika samu wannan?"

"A ina? Ko'ina! Tun jiya nake ganin sa a sitatus ɗin mutane. Har a guruf ɗin matasan coci an saka."

"Wa ya saka?"

"Sila mana, wa kike tsammani? Abeg ki faɗa min gaskiya, wane ne Jamilu? Ba dai ɗan Hajiyar da kike wa aiki ba?"

Lidiya ta waiga. Can ta hango babanta, Malam Zakariya, tsaye a bakin ƙofa yana gaisawa da jama'a, kamar yadda dattawan ikilisiya suka saba kowace Lahadi. Ga kuma Sila, mai koyar da mawaƙa, wanda ta sha gaya wa cewa ba ta son sa, yana tunkarar tsohon da waya a hannu, fuskarsa a sake kamar mai kai albishir.

"Na shiga uku," ta faɗa a hankali.

Abin ya samo asali ne daga shagon Hajiya Rabi mai kayan lefe a Suleja, inda Lidiya take tsare kaya tun da ta gama makaranta. Jamilu ɗan Hajiya ne, ya karanta kwamfuta, kullum da sassafe yana bin mota zuwa Abuja wurin aiki. Shi ya buɗe wa shagon shafin intanet. Ba wanda ya san cewa tun daga ɗaukar hotunan atamfofi soyayya ta ƙullu tsakaninsa da Lidiya, soyayya mai tsoro, wadda ko sunanta ba sa iya faɗa da ƙarfi. Shi Musulmi, ita Kirista, 'yar dattijon ikilisiya ɗaya tilo. Shirinsu dai shi ne a bi a hankali, ta lallaɓa babanta, shi ya lallaɓa Ummansa.

Shafin kuwa ya ƙi ciniki. Mutane su shigo, su leƙa, su fice.

"Kai ma ba ka san mata ba," Lidiya ta ce masa wata rana. "Mace ba ta zama inda ba ta jin daɗi. Ka sa musu ɗan wasa."

Haka aka yi wasan Cika Akwati. Kaya suna faɗowa daga sama, atamfa, takalmi, turare, ke kuma ki ja akwati da yatsa ki tare su. In ɓera ya faɗo miki a ciki, sai ki koma farko. Ɓeran nan shawarar Lidiya ce, kuma ta fi kowa yi masa dariya. In akwati ya cika, kati ya fito da sunan amarya da na ango, ki nuna a shago a yi miki ragi.

Ranar da suka gwada shi ana ruwan sama, shagon ba kowa. Jamilu ya ce dole a sa wasu sunaye da za su fito in mai wasa bai rubuta nasa ba, don a ga yadda katin yake. Sai ya kalle ta, ya yi murmushi, ya rubuta nasu.

Lidiya ta daɗe tana kallon katin.

"Bari in goge," ya ce.

"A'a, don Allah... bar min shi zuwa gobe."

"Me ya sa, rabin raina?"

"Wataƙila nan kaɗai zan taɓa ganin sa."

Ya bar mata. Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka. Hajiya ta matsa a saki wasan kafin bukukuwa su kankama, Jamilu ya sake shi daga wayarsa yana cikin motar Abuja, cunkoso ya ishe shi, ya manta da sunayen kwata-kwata. Su kuma 'yan wasa, wa ke da lokacin rubuta suna? Kowa ya cika akwati sai ya tura katin yadda ya fito. Suleja kuwa ba ta riƙe magana. Kafin Lahadi katin ya zagaye unguwar Kwamba, ya kai har Sabon Wuse.

Lidiya na barin harabar majami'a ta kira Jamilu a waya.

"Jamilu, ka kashe ni!"

"Lidiya, ki saurare ni. Wallahi na goge, ina gani na goge..."

"Ka goge a shafinka! Za ka bi wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya ka goge?"



"Baba ya gani," ta ce, ta fashe da kuka. "Baba ya gani, Jamilu."

A gida Malam Zakariya bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya zauna a kujerarsa ta tsakar gida, bai cire kayan sujada ba, abincin da ta ajiye masa ya huce a gabansa.

"Zauna, Lidiya."

Ta durƙusa.

"Kin san abin da ake faɗa a gari? Wai na karɓi kayan aurenki a ɓoye. Wai ina tsayawa gaban jama'a ina karanta Littafi Mai Tsarki, a gida kuma na bayar da 'yata ba tare da ikilisiya ta sani ba."

"Baba, ba wanda ya kawo kaya! Wasa ne kawai na waya..."

"Da sunana aka yi wasan."

Ta sunkuyar da kai.

"Tun da mamarki ta rasu ban taɓa ɗaga miki hannu ba, kuma ba yau zan fara ba. Dattawa za su zauna ranar Laraba, sun ce yaron ya zo. A gabansu zan tambaye ki." Ya numfasa. "In gaskiya ne, ba sai sun sauke ni ba. Da kaina zan tashi daga kujerar dattijon, in koma ƙauye. Ba zan iya zama a garin nan ana nuna ni da baki ba."

Lidiya ta san babanta. Ba ya barazana. Majami'ar nan da hannunsa ya ɗauki bulo aka gina ta, kuma ban da ita ba shi da kowa a Suleja sai 'yarsa.

Ranar Litinin ta tarar da shagon cike da mata, abin da ba a taɓa gani ba. Wasan ya yi aikinsa, har ya wuce gona da iri. Kowa da waya a hannu, ana neman ragi, ana kuma leƙen fuskarta.

"Ita ce amaryar?"

"Kai, ba ta da laifi. Allah ya sanya alheri!"

Hajiya Rabi ta janye ta zuwa ɗakin ajiya, ta rufe ƙofa.

"Lidiya, na riƙe ki kamar 'yar cikina, ashe abin da kuke ƙullawa ke nan a bayan idona."

"Hajiya, ki gafarce ni..."

"Ni ban ƙi ki ba, Allah ya sani. Amma baffanninsa sun kira ni jiya, sun wanke ni tas. Sun ce ko ƙafarsu ba za ta taka wurin neman aurenki ba. Naki dangin ma za su yarda? Auren da kowane ɓangare ke kuka, ina daɗinsa?" Ta share idonta da gefen mayafi. "Ki je gida ki huta. Ba sai kin dawo ba."

Lidiya ta ɗauki jakarta ta fita ta ƙofar baya. A bakin titi, wurin masu Keke, ta tarar da Jamilu. Bai je aiki ba. Idanunsa sun yi ja.

"Zan je ranar Laraba," ya ce. "Ko ba wanda ya raka ni, zan je."

"Ka ce musu me?"

"Gaskiya. In ce ina son ki, aure nake nema. Ba na ce ki bar addininki ba, ban taɓa cewa ba."

"Baba fa?"

"Zai yi fushi, zai huce."

"Ba ka san shi ba, Jamilu. Ba fushi zai yi ba, karyewa zai yi."

"Ni fa? Ni ba zan karye ba?" Muryarsa ta dusashe. "Lidiya, na gaji da ɓoye ki kamar kayan sata. Tun da abin ya fito, mu tsaya a kai. Kalma ɗaya nake roƙon ki. In an tambaye ki, ki ce e. Sauran ki bar min."

"Ina tsoro..."

"Kina so na?"

"Ka sani."

"To ki ce e, masoyiyata. Shi ke nan."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. A lokacin har ga Allah ta yi niyyar faɗa.

Ranar Laraba da la'asar dattawa suka zauna a ofishin fasto. Babban dattijonsu shi ya jagoranci zaman. Sila yana tsaye a waje jikin taga, wai iska yake sha.

Jamilu ya shigo shi kaɗai cikin shaddarsa mafi kyau. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi bayanin wasan dalla-dalla, yadda aka sa sunayen don gwaji, yadda ya manta bai cire ba.

Babban dattijon ya ɗaga hannu.

"Yaro, mu ba mu san kan kwamfuta ba, kuma ba ita ta tara mu ba. Sunaye sun cika duniya, me ya sa sai nata? Akwai wani abu tsakaninku ko babu?"

Jamilu ya gyara zama, ya buɗe baki.

"Dakata," in ji Malam Zakariya. "'Yata zan tambaya. Ba ta taɓa yi min ƙarya ba."

Ya juyo gare ta. Sai a lokacin ta lura da yadda ya rame a 'yan kwanakin nan. Hularsa tana hannunsa, yana murza ta.

"Lidiya, 'yata. Gaban Allah da gaban iyayenki. Akwai wani abu tsakaninki da yaron nan?"

Ta kalli Jamilu. Yana kallon ta, har da ɗan murmushin ƙarfafa gwiwa.

Ta kalli babanta.

Kalmar tana bakinta, ƙarama ce, ko numfashi ba ta buƙata. Amma ta ƙi fita. Ta ga tsohon nan a motar ƙauye da akwatinsa ɗaya, ba wanda ya zo rakiya.

"Babu komai, Baba."

"Ɗaga murya, ba su ji ba."

"Babu komai tsakaninmu. Aiki ne kawai ya haɗa mu."

 Murmushin Jamilu ya daɗe a fuskarsa kafin ya gane ba shi da sauran amfani.

"Kai fa, yaro?" in ji babban dattijon. "Ka ji abin da ta ce."

Lidiya ta runtse ido. Saƙonninta suna cikin wayarsa, da muryarta, da duk alkawuran da ta yi masa. Yana iya tona ta a nan take, kuma wani ɓangare na zuciyarta roƙon sa yake ya tona.

"Gaskiya ta faɗa, Baba," Jamilu ya ce a hankali. "Sunanta ne ya zo min kusa, na sa. Laifina ne ni kaɗai."

"To za ka rubuta haka a shafin naku, kowa ya gani. Kuma daga yau ba kai ba ita, ko a hanya."

"Na yi alkawari."

Aka yi addu'a, aka tashi. A bakin ƙofa Jamilu ya tsaya yana sa takalmi. Bai ɗago ya kalle ta ba.

"Malama Lidiya, ki yi haƙuri da ɓata miki suna da na yi."

"Ba komai," ta ce.

Ya tsallaka titi, ya tare Keke, ya shiga. Ta bi shi da ido tana jiran ya waiwayo ko sau ɗaya. Bai waiwayo ba.

Malam Zakariya ya mayar da hularsa, ya kama hannunta kamar lokacin da take ƙarama. Tafiyarsa ma ta canja, yana amsa gaisuwar mutane da ƙarfi.

"Na san ba za ki ba ni kunya ba," ya ce. "Na gaya musu tun farko."

Suka ɗan ƙara gaba, sai ya ci gaba da magana.

"Amma ki ga yaron nan, yana da tarbiyya. Ya zo shi kaɗai, ya durƙusa, ya ɗauki laifinsa bai ɗora wa kowa ba. Irin su sun yi ƙaranci yanzu." Ya girgiza kai. "Allah ya ba shi mace tagari, wadda za ta tsaya masa."

Ya ɗan matsa hannunta, yana jiran ta amsa.

"Amin, Baba," in ji Lidiya.