Furen Kan Dutse

A wani gari da na taɓa yada zango, sunansa ya kwanta mini, an yi wata yarinya mai aikin lambu. Kakarta 'yar kan dutse ce, inda sanyi ke daskarar da raɓa. Da tsufa ya kwantar da ita, ba ta da buri sai ganin ɗan farin furen garinsu, mai rawayar tsakiya.

Fatake suka kawo wa yarinyar dashe. Ta dasa ɗaya kamar albasa, ta zuba taki, ta kwarara ruwa. Ya ruɓe. Ta dasa wani, ta ƙara taki, ta ƙara ruwa. Ya ruɓe. Saura ɗaya.

Ta je ta durƙusa. "Kaka, wa ke kula da shi a can?"

"Ji sarkin shisshigi! Wa zai kula da shi? Cikin tsakuwa yake fitowa."

Ta cika fasasshiyar tukunya da tsakuwa, ta dasa shi kusa da sanyin randa. Kullum hannunta ya kai ga buta, sai ta daure, ta yayyafa kaɗan.

Wata safiya ya buɗe. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Tashe ni zaune, 'yar nan. Yau na ga gida."