Kiryar da Aka Lulluɓe

Ranar da direban a-kori-kura ya fara tsayawa da lodin itace a ƙofar gidan maginin tukwane, autar gidan ce ta fito. Ta ɗauki faskare biyu ta gwara su, suka ce dib.

"Ɗanye ne," ta ce. "Ina ka tsinto shi?"

"Inda ake faɗaɗa titi."

Ta kankare ɓawon, ta ga jan ciki. "Kirya ce, ka iya tsintuwa. Amma sai ta sha iska."

Shi dai fuskarta yake kallo, ko kalma bai ji ba. Tun ranar take kiransa Ɗanye, shi kuma Malamata.

Baba kuwa bai taɓa ganin wanda ya dace da autarsa ba. Mai sayar da gas ma, da motarsa da turarensa, yana nan yana zarya. Da direba ya zo gaisuwa, Baba ya ce, "Wata takwas na ba ka, ka busar da kiryar nan in gasa tukwane. Ɗaya ta fashe, kada in ƙara ganin ƙeyarka."

Wata biyu da saukar damina, saƙo ya shigo wayarta: "Malamata, kwantar da hankalinki. Tun ruwan farko na lulluɓe itacen ruf da leda, ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Nan take ta kira shi.

"Ɗanye, ka kashe ni! Yaye ledar nan yanzu. Jera shi kan duwatsu, rufe sama kawai, ka bar gefe iska ta ratsa."

Ya yaye, ya tarar itace ya yi gumi har da fumfuna. Ranar ta yi kuka sosai, don tana son sa.

Da wa'adi ya cika, Baba ya duba tsagar bakin kowane faskare, ya gwara biyu, suka ce ƙwal. Aka gasa, tukwane suka fito lafiya lau. Amma Baba yana ta jujjuya su yana neman aibu.

Mama ta matso ta ba shi labarin leda. "Don so ya lulluɓe shi, Malam, har ya kusa ruɓar da shi. Kai shekara nawa kana lulluɓe da yarinyar nan?"

Idon Baba ya kawo ruwa.

"Ka turo iyayenka," ya ce wa direban.

Ranar da za ta tare, da hannunsa ya miƙa mata tukunya ɗaya daga gashin nan. "Je ki, auta. Allah ya yi muku albarka."