Alawa Guda Ɗaya

Hannun Khala Nasrin na tsaye a gaban fuskar Sumbul, riƙe da yankan alawar madara, Sumbul kuwa ta datse baki.

Fanka na ta kuka a sama.

"Buɗe mana, 'yata," in ji Khala Nasrin, murya ƙasa ƙasa. "Ko hannuna ne ba ki so?"

Bari in koma da ku baya kaɗan, 'ya'yana, don ku san yadda aka zo nan.

Sumbul ita ce autar Ustad Karam Din, mai alawar nan na tsohon garin Multan, wanda in ya ɗora madara a wuta sai an ji ƙamshin a layi uku. Tana shekara goma sha huɗu ta fara ramewa, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Likita ya ce ciwon suga ne, irin wanda ba ya rabuwa da allura. Tun daga ranar mahaifiyarta Shamim ta rufe maganar ruf. Maganin yana cikin firji a tsohon gwangwanin man shanu, in maƙwabta sun tambayi ramar sai a ce karatu ne. Kun san mutanenmu. Yarinyar da aka ce tana da suga, sai a ce ba za ta haihu ba, masu zuwa neman aure su riƙa tsallake ƙofar gidan kamar ba mutane a ciki.

Taimur kuwa wani saurayi ne, a kantin magani yake aiki. Duk wata Sumbul takan je sayen maganinta, ta ce kakarta ce ta aiko ta. A wata na huɗu ya miƙo mata ledar, bai ɗago kai ba, ya ce kakar nan tata Allah Ya ji ƙanta, shi ma ya je jana'izarta shekara biyu da suka wuce. Sannan ya ƙara da cewa a gaya wa kakar ta riƙa canza wurin allura, kada fatar ta yi tauri.

Sumbul ta fita tana kuka. Washegari ta dawo ta ce ya ba ta canjinta da ta manta.

Daga nan fa aka fara. Yana tsokanarta da cewa ita kaɗai ce 'yar mai alawa da ba ta san abin da ubanta ke sayarwa ba. Ita kuma ta ce ya fara shafa maganin gashin da yake tallatawa tukuna, don sanƙo ya fara leƙo shi. Shekara biyu suna haka. In ya kira ta "rabin raina" sai ta ce ya nemi rabi mai lafiya, ya ce wannan ɗin yake so, har da allurarta.

Da maganar aure ta taso, Taimur ya ce zai gaya wa mahaifiyarsa Farhat Bibi gaskiya. Shamim ta kama bakin rigarsa tana hawaye, ta ce ya bari sai an ɗaura, in an ɗaura babu mai kwancewa. Ya amince. Sumbul ta lura amincewar ba ta yi masa wuya ba.

Saura matsala ɗaya. A nan wurinmu, ranar da aka tsayar da magana, manyan matan dangin namiji sukan jeru, kowace ta sa wa yarinya zaƙi a baki da hannunta. Wadda ta kau da kai ta ƙi gidan ne baki ɗaya. Matan gidan su Taimur bakwai ne.

Taimur ne ya kawo dabarar. Tunda ba za a wuce kantin Ustad a sayo alawa a wani wuri ba, sai Ustad ya yi faranti biyu: na baƙi da suga, na amarya da sakarin, ƙwayar zaƙin nan da masu ciwon suga ke amfani da ita, a lulluɓe nata da ganyen azurfa don kada a rikice.

Ustad ya kalle shi kamar ya zage shi. Shekara arba'in yana juya madara, yana kiran sakarin guba, yana cewa abin masu sayar da ƙanƙara a bakin makaranta ne, ya ji ma an ce yana cin ƙoda. Taimur ya ce likitoci kansu ba su gama gardama a kai ba, kuma ɗan na rana ɗaya ba zai yi mata komai ba. Tsohon ya dubi 'yarsa, ya tashi ya hura wuta. Tukunya biyu ya zubar kafin ta uku ta kama jikinta. Ya ɗanɗana, ya tofar, ya share ido da bayan hannu.

"Hannun nan bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba," ya ce. "Yau ya yi saboda ke."

Ranar ta zo. Farhat Bibi ce ta fara, ta sa mata yanka a baki, ta sumbaci goshinta, ta zura mata awarwaron zinare. Mata shida suka wuce lafiya, Shamim na tsaye a kan farantin azurfa tana miƙa wa kowace.

Ta bakwai ita ce Khala Nasrin, wato inna Nasrin, ƙanwar Farhat Bibi. 'Yarta Rimsha tun tana goyo ake ce mata matar Taimur, har ta girma ta ɗauki wasan da gaske. Rimsha ce ta raɗa wa uwarta cewa ta dubi yadda Shamim ke gadin faranti kamar kaza da ƙwai. Khala Nasrin ta karɓi yankan, ta gutsiri gefensa, ta tauna a hankali. Mijinta shekara goma yana jefa ƙwayar sakarin a shayi. Ta san ɗacin nan da ke maƙalewa a ƙarshen harshe.

Ta yi murmushi, ta tambayi ɗakin, ba kowa ba, yaushe Ustad Karam Din ya fara sa zaƙin marasa lafiya a alawarsa, kuma waye marar lafiyar. Sannan ta ajiye yankan, ta ɗauko wani daga farantin baƙi.

To, nan muka tsaya.

Sumbul ta dubi mahaifiyarta. Idon Shamim roƙo ne zalla: ci, 'yata, guda ɗaya ne, ki shiga ki yi allura daga baya.

Gaskiya ne, guda ɗaya ba zai kashe ta ba, ita ma ta sani. Amma ta hango gobe. Ta hango shayin safe a gidan miji mai cokali uku na suga, wanda amarya ba ta isa ta ƙi ba. Ta hango farantin mangwaro, da alawar kowace Sallah, da Khala Nasrin na zuwa duk Juma'a da sabon abu a hannu. Ta hango kanta a banɗakin wani gida, allura a haƙori, tana sauraron takun suruka.

"Ba zan ci ba, Khala."

"Me ya sa, 'yata?"

"Ina da suga. Shekara tara ke nan... Allura nake yi sau huɗu a rana."

Shamim ta sulale ta zauna a ƙasa.

Farhat Bibi ba ta yi hayaniya ba. Ta aika a kira Taimur daga wurin maza, ta tambaye shi a gaban kowa ko ya sani. Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani. Ta tambayi wanda ya shirya maganar faranti biyu. Ya ce shi ne.

"Ciwo na Allah ne," ta ce. "Wataƙila da na yi kuka na haɗiye. Amma ɗan da na haifa ya sa ni na ɗauki ƙarya da hannuna, na sa wa yarinya a baki, a gaban ƙannena."

Ba ta nemi awarwaron ba. Sumbul ce ta zare ta ɗora a kan faranti.

Watanni biyar suka wuce. Labarin ya gama unguwa tun kafin baƙin su kai gida. Wasu suka daina sayen alawar Ustad, wai wa ya san abin da yake zubawa yanzu. Farhat Bibi ta rantse ba za ta yafe wa Taimur nonon da ya sha ba in ya auri yarinyar. Shi kuma yana aiko da saƙo cewa ta jira, uwa ce, za ta sauko. Sumbul ta ce za ta jira ko shekara goma ce, kuma har ranta take nufi.

Wata la'asar ya zo, ya tsaya a zaure. Ya rame, idonsa ja. Ya ce ya kai kawunsa, ya kai limamin masallacinsu, Ammi, wato mahaifiyarsa, ba ta ko dube su ba. Ya ce ya gaji, ba ya barci, ba ya gane abin da yake ba mutane a kanti. Sumbul na bayan labule tana ba shi haƙuri, tana cewa ya ci abinci dai, komai zai wuce.

Ya jingina kansa da bango, ya ja numfashi.

"Da kin ci guda ɗayan nan kawai, Sumbul... da yanzu muna ɗakinmu."

Ta ɗage labulen ta dube shi. Wannan shi ne mutumin da ya san adadin allurarta, wanda ya san ranar da ta faɗi a tsakar gida aka ɗauke ta ranga-ranga.

"Tun yaushe kake riƙe da wannan maganar?"

"Rabin raina, ba haka nake nufi ba..."

"Tun yaushe, Taimur?"

Da ya amsa, ƙasa yake kallo.

"Tun ranar."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ni ma na yi mamaki. Ta ce masa ya je ya faranta wa mahaifiyarsa, ta yafe masa, kuma kada ya sake aiko kowa. Ya kira sunanta sau biyu. Ta saki labulen.

Bayan girbin alkama aka ɗaura aurensa da Rimsha.

Shamim har yau in ta tuna sai ta ce yanka ɗaya fa, yanka ɗaya tak. Ustad dai bai taɓa cewa haka ba. Ranar da labarin ɗaurin auren ya iso, ya tarar da 'yarsa zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, ya zauna kusa da ita, ya ja tiren gabansa. Suka yi ta tsinta tare har aka kira magariba.