Shuwakar da Fara Ta Ciza

A can wani zamani, wani saurayi ya dawo daga yawon duniya, ya tarar da kakarsa kwance, ciwon ciki ya hana ta cin tuwo.

Ta ce, "Maigidana, tsinko mini shuwaka."

Ya ruga bakin rijiya, ya tsinko ganye mai sheƙi. Ta tauna, ta tofar. "Wannan ta miya ce. Koma."

Ya ruga fadama, ya tsinko manya-manya. Ta tauna, ta tofar. "Wannan ma ta miya ce. Koma."

Ransa ya ɓaci, har ya ɗauki jakar tafiyarsa. Sai ya ji nishinta, ya ajiye, ya fita a hankali. A kan tsakuwa ya ga wata 'yar shuwaka, rana ta gasa ta, fara ta huhhuda ganyenta. Ya ɗanɗana, sai ga hawaye.

Kaka ta tauna, ta haɗiye. "Yawwa! Da fara ta cije ta, sai ta ƙaro ɗaci don ta kare kanta. Ɗacin nan ne maganin."

Washegari ta cinye tuwonta tas, ta dube shi. "Kai ma rana ta gasa ka, maigida. Zauna mu ga amfaninka."

Ya kwance jakarsa.