Gwankin Tsohuwar Ganuwa

Ba a kira assalatu ba Tabawa ta rataya kwarin ubanta Nomau, ta ɗauki baka, ta fita ba ta tashi kowa ba. Tun da ɓauna ta karya wa Nomau ƙugu, mafarauta suka fara rabon dajinsa da baki yana kwance yana ji. Sarkin Baka ya yanke magana: in damina ta faɗi gidan Nomau bai kawo nama ba, farautar tsohuwar ganuwa ta koma hannun wani mafarauci, Jatau. Wannan maganar ce ke cin Tabawa a rai.

Ganuwar nan ta mutanen da ce, tudun ƙasa da rami a gefensa, ta bi bayan tsaunuka tana haɗa kufai da kufai. A ramin namun daji ke bi, don akwai inuwa da ɗanyar ciyawa. Rana na ɓullowa ta ga sawun gwanki, kofato ya nutse, kashinsa da ɗumi. Da ta hango shi yana kiwo, ta zagaya ta ƙasan iska, ta durƙusa bayan wata bishiyar marke, ta ja baka har kunne. Kibiya ta shige cinyarsa, ya yi tsalle, karan ya karye, ya bi ramin a guje.

Ta bi jini. Sarƙaƙiya ta yage mata zane, tsakuwa ta huda takalminta, gorar ruwa ta fashe a kan dutse. Inda ganuwar ta rushe ta rarrafa, inda ta hau tsauni ta hau da hannu da gwiwa. Harshenta ya bushe, amma ɗigon jinin sai kusantar juna yake, gwankin ya gaji. Rana ta karkata, sai ta ji ƙarar bindiga daga kufan kan tsauni.

Cikin zagayen katangar duwatsu ta tarar da Jatau, ƙato mai furfura a gemu, ya riga ya yanka gwankin, ya hura wuta, yana gasa tsoka daga cinyar.

"A'a, 'yar Nomau! Itace kika zo yi?"

"Namana na biyo, Baba Jatau. Jinin farko nawa ne, ka san ƙa'ida."

Ya yi dariya har da tari. "Wane jini? Lafiyayye na same shi. Mace da baka? Je ki gida, zan aiko wa tsohonki ƙashi ya tsotsa."

Ta dubi tsokar da ke kan wuta, ta dubi inda ya yanko ta.

"To ci, Baba. Nan kibiyata ta shiga, kanta na ciki, dafin kuma sabon dahuwa ne. Tunda ka ce ban harbe shi ba, bismillah, ci in gani."

Jatau ya ɗaga naman har kusa da baki. Maiƙo na ɗiga a yatsunsa. Ya daɗe a haka, sannan ya wurga shi bayan katanga, ya goge hannu a ƙasa, bai ɗago ido ba.

Tabawa ta zare wuƙa, ta yanke wutsiyar da za ta kai wa Sarkin Baka shaida. Ta cire ƙafar gaba, rabon wanda ya ƙarasa, ta jefa masa gabansa.

"Ga naka. Sauran kuma ka taya ni ɗauka, hanya da nisa."